Wa Ke Ciki, Wa Aka Bari A Bakin Ƙofa?



 

An ce in yi muku magana a kan zaman wurin aiki tsakanin mutanen da ba yarensu ɗaya ba, ba garinsu ɗaya ba, wani lokaci ma ba addininsu ɗaya ba. Na san akwai wanda zai ce a ransa: mu da ko aikin ba mu samu ba, me ya kai mu ga wannan zance? To, ƙanena, in na ce wurin aiki ba biro mai sanyi kaɗai nake nufi ba. Garaji wurin aiki ne. Shagon tela, shantiyen gini, kanti a babbar kasuwa, makaranta, asibiti, gonar albasa a Galmi, duk wurin aiki ne. Yawancinku kuna cikin ɗaya daga cikinsu yanzu haka, ko kuna koyo ko kuna sitaji. Nan da shekara biyar ko goma, in Allah ya kai mu, makulli yana hannunku, ku ne za ku ce a ɗauki wane, a bar wane. Gara mu yi maganar tun makullin bai zo ba.

Bari in fara da abin da ya same ni.

Da na gama karatu na tafi Yamai sitaji a wata ma'aikata, ba sai na faɗi sunanta ba. Ni Bagobiri ne, daga Tsibiri na taso, Zabarmancin da na iya a lokacin bai wuce gaisuwa ba. Kowace Litinin a yi taro da Faransanci, kowa ya ji, kowa ya rubuta. Amma ban daɗe ba na gane ba a taron Litinin ake yanke magana ba. Wurin shayi ake yanke ta, a ƙarƙashin bishiyar da ke bayan biro, kuma da Zabarmanci. Wa zai tafi aiki Doso, wa za a tura ƙaro ilimi, wane aiki ne shugaba ya fi damuwa da shi wannan mako, duk can ake ji. Ina zaune a cikinsu, ana miƙo mini kofi, a yi dariya in yi murmushi, ban san abin da ake wa dariya ba. Wallahi babu wanda ya taɓa zagina. Babu wanda ya ce mini tashi. Amma wata uku na yi kullum ni ne na ƙarshen jin labari, har aka fara cewa yaron nan na Maraɗi ba shi da himma. Wanda ya cece ni wani dattijo ne direba, Bazabarme, da ya yi zaman Konni ya iya Hausa. In an watse sai ya ja ni gefe ya ce: “Kai Bagobiri, bawana, zo in gaya maka abin da iyayen gidanka suka ce.” Ya fassara mini tsaf. Allah ya saka masa da alheri.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ji daɗi, don ni ne wanda aka cuta. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bayan shekaru na dawo Maraɗi, aka ba ni riƙon wani wurin ajiye kaya, mu wajen ashirin. Sai aka turo mana wani yaro daga Tillaberi ya riƙe lissafin shiga da fitar kaya. Yaro natsattse, rubutunsa kamar na inji. Hausarsa kuwa irin Zabarmancina na da. Wata ranar Laraba bayan sallar la'asar, muna tsaye bakin masallaci, muka shirya da direbobi cewa lodin Asabar a dawo da shi Alhamis. Kowa ya ce to. Yaron yana nan tsaye tare da mu. Alhamis da safe motoci suka iso, babu takarda ko ɗaya da aka shirya, motoci biyu suka kwana, aka biya kuɗin jira. Na kira shi gaban mutane na yi masa faɗa sosai. Ya bari sai da na gama, ya ce mini da Faransanci, a hankali: “Shef, wa ya gaya mini?” Na buɗe baki zan ce ai kana wurin, sai bishiyar nan ta Yamai ta faɗo mini a rai. Washegari na tara mutanen da na yi masa faɗa a gabansu, na ba shi haƙuri a gabansu. Muka kafa allo a bakin ƙofa. Daga ranar, duk abin da aka shirya, ko a masallaci ko wurin shayi, bai zama magana ba sai an rubuta a allon, an kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba, cikin yaren da yake ji.

Abin da nake son ku riƙe daga labarin nan biyu shi ne: tara mutane iri-iri a wuri ɗaya ba wani abin yabo ba ne, a ƙasarmu haka muka tarar da kanmu. Dokar 2001 harsuna goma ta lissafa a matsayin harsunan ƙasa, daga Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci da Barbarci har zuwa Budumanci da Tasawak. Kowace babbar ma'aikata ka shiga za ka tarar da uku ko huɗu daga ciki. Tambayar ita ce, wannan da ya bambanta da sauran, labari yana isa gare shi? Albashinsa daidai yake da aikinsa? In an tashi ƙarin girma ana tunawa da shi? Mutum yana iya shekara goma a cikin gida alhali a bakin ƙofa yake.

Kuma mu masu jin Hausa nauyin ya fi hawa kanmu. A 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa, mun yi murna, kuma abin murna ne. Amma mai rinjaye ba ya jin nauyin kansa, kamar yadda raƙumi bai san ya taka kaza ba. A Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ba ma lura da cewa mun juya zance zuwa Hausa, gani muke kowa yana ji. Ka duba fuskokin da ke kewaye da kai. In ka ga wanda yake murmushi bayan kowa ya gama dariya, to ka zama masa direban nan.

Sai maganar ɗaukar aiki, inda ciwon yake. Kun san abin nan da ake kira PAK a ƙasar nan, dangi da abokai da sanayya. Kowa yana zaginsa ranar da aka hana shi, kowa yana nemansa ranar da kawunsa ya hau kujera. Dokar aiki ta 25 ga Satumba 2012, a sashe na 5, ta hana mai ɗaukar aiki ya dubi jinsi, ko shekaru, ko asali, ko launin fata, ko addini, ko ra'ayin siyasa, ko naƙasa, ko cutar sida, ko amosanin jini wato sikila, a wajen ɗauka da biya da ƙarin girma da kora. Doka ce mai kyau. Amma ni da ku mun san mai binciken aiki ba zai zo shagon walda na unguwarku ba. A can ba mai tsaron dokar sai kai.

Wani zai ce: to, zumunci fa? Ƙanin babana ya kawo mini ɗansa, in ce masa me? Wannan tambaya ce ta gaske, ni ma an kawo mini, kuma ban ji daɗin ranar ba. Abin da na gane shi ne, zumunci da aljihunka ake yin sa. Ka biya masa kuɗin koyon sana'a, ka ba shi jari, ka nuna masa inda ake neman mutane ya je ya gwada kamar kowa. Amma kujerar da aka ba ka amana, ta gwamnati ce ko ta mai kamfani ko ta ƙungiya, ba taka ba ce balle ka yi kyauta da ita. Ko a shagonka na kanka ma ka yi lissafi. Ɗan uwan da bai iya aiki ba, ba ka iya korarsa sai an yi zaman gida, kuma duk yaran shagon suna kallo. Ranar da suka gane cewa jini ke kai mutum gaba, mai ƙwazon cikinsu zai fara neman wani wuri, ya bar maka ragwaye.

Ku tuna ranar hijira. Tafiya ce ta rai da mutuwa, ana neman Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ruwa a jallo. Wanda aka ɗauka ya nuna hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, a lokacin ba musulmi ba ne. An ɗauke shi don ya san hanya kuma yana da amana. Abu biyu ke nan da za ka nema ga duk wanda ya zo neman aiki wurinka. Dabarar da ta taimake ni ƙarama ce: kafin ka ga fuskar kowa, rubuta abin da aikin ke buƙata. Sannan ka gwada su da aikin kansa, mai ɗinki ya ɗinka, mai lissafi ya lissafa. Kada kuma ka zaɓa kai kaɗai, ka sa wani wanda ba ɗan garinku ba ya zauna tare da kai.

Yanzu zan taɓa abin da ba mu son taɓawa, wato asali. A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a dokarta. A watan Oktoba 2008 kotun CEDEAO, da ta zauna a Yamai, ta ba Hadijatu Mani gaskiya, matar da aka sayar tana yarinya a yankin Konni, kuma ƙungiyar Timidria na cikin waɗanda suka tsaya mata. Wannan ba tarihin kaka da kakanni ba ne, da yawanku an riga an haife ku. Kuma abin bai tsaya a ƙauye ba, yana biyo mu har biro, sanye da riga mai guga. A naɗa mutum shugaban sashe saboda iliminsa, sai ka ji ana raɗa: ai ɗan maƙera ne, ai ɗan mahauta ne, ai kakansa bawan su wane ne. Ya ba da umarni a yi jinkiri. Ya yi kuskure ƙarami a ce dama mun faɗa. Ba wanda zai rubuta wannan a takarda, shi ya sa ba kotun da za ta kama shi. Ni na ga ƙwararren mutum ya nemi a canza masa gari saboda irin wannan raɗa, kuma masu raɗar tare muke sahu da su a masallaci. Mu da muke sa wa ƴaƴanmu sunan Bilal. Mu da muka san an ba Usama ɗan Zaidu jagorancin runduna yana saurayi, ɗan wanda aka ƴanta, alhali manyan sahabbai suna cikinta. In ka ji irin wannan raɗa a wurin aikinka, ba sai ka yi wa'azi ba. Ka ƙi yin dariya, ka tambaya a fili: aikin da ya ce a yi, daidai ne ko ba daidai ba? Sau da yawa wannan ya isa ya kashe zancen.

Tunda na ambaci dariya, bari in ce wani abu kan taubasantaka. Arziki ce babba da Allah ya ba ƙasar nan, har UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2014. Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, Bafillace da Ba'are, Buzu da Bazabarme. Na ga rigimar da ta kusa kai wa ga duka ta mutu da kalma ɗaya ta wasa. Direban nan da ya kira ni bawansa, ni ma ina ce masa ya zo ya gaida ubangidansa, mu yi dariya mu rabu. Amma ku lura da sharaɗinta: kowa yana da bakin ramawa. In shugaba ya tsokani yaron da albashinsa ke hannunsa, yaron ya yi dariyar dole don ba shi da ikon mayarwa, wannan ta tashi daga wasa. Haka in mutum goma suka taru kan mutum ɗaya kullum. Haka in wasan ya koma kan ƙafarsa da ta shanye, ko kan asalin da ake yi masa gori da shi da gaske. Kuma kada a fake da wasa a hana mutum haƙƙinsa, a ce ai taubashina ne ba zai ji haushi ba. Yana ji.

Batun albashi kuwa, kun ji yadda aka daɗe ana kuka kan bambancin biya tsakanin ƴan ƙasa da baƙi a kamfanonin man fetur, har da matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011, kuma a watan Maris 2025 hukuma ta sallami wasu shugabannin kamfanonin ƴan ƙasar Sin, wannan bambanci na cikin dalilan da aka bayar. Kowa a fada ya ce aiki ɗaya, biya ɗaya. Madalla. To mu koma shagonmu. Yaron da ya zo daga ƙauye cin rani da ɗan yayarka, aiki ɗaya suke yi, nawa kake ba kowane? Wa kake koya wa yankan yadi, wa ka bari shekara uku yana guga da sayo abinci? A wurin koyon sana'a, ilimin da ake ɓoye wa yaro ya fi kuɗin da ake rage masa ciwo, domin shi ne zai bi shi har tsufa.

Ƙannena mata, ban manta da ku ba. Ranar 13 ga Mayu 1991 iyayenku mata suka fito kan titi a Yamai saboda kwamitin shirya babban taron ƙasa mace ɗaya tak aka sa a ciki, kuma sai da aka ƙara musu kujeru. Shi ya sa ake bikin ranar kowace shekara. Amma samun kujera daban, iya zama a kanta daban. Maza, ku saurara nan. In ka sa taron aiki bayan magariba, ka cire mata ba tare da ka ce ka cire su ba. In wurin aikinku ba shi da makewayi na mata mai ƙofa da ke rufuwa, ba shi da inda za su yi salla, kun gaya musu ba a shirya da zuwansu ba. Doka ta ba mai ciki hutun mako 14, haƙƙinta ne, kada ta dawo ta tarar an ba wani kujerarta ko ana yi mata fuska. Shugaban da ke kiran yarinya ƴar sitaji biro shi kaɗai, yana nuna mata cewa takardarta na hannunsa, wannan azzalumi ne, dokar aiki ta hana, kuma abokan aikin da suka sani suka yi shiru suna da nasu kaso. Wanda kuma yake jin ƙyashin aiki a ƙarƙashin mace, ya tuna dukiyar wa Annabi ya kai Sham fatauci kafin aure. Ta Nana Hadiza ce.

Masu naƙasa fa? Doka ta ce a ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ku ƙirga a inda kuke aiki ku gani. Mun saba mu ba su sadaka a bakin masallaci, ba mu saba mu ba su aiki ba, alhali da yawansu aikin suke so. Akwai wani maigidan walda da na sani da ya ɗauki yaro kurma, mutane suna ce masa wahala zai sha. Abin da ya canza a shagon kaɗan ne: ana zana masa aikin a takarda da awonsa, in za a kunna inji a taɓa kafaɗarsa, sauran yara suka koyi alamun hannu kamar ashirin. Da aka fara zana aiki a takarda, kuskuren awo ya ragu ga kowa, har masu ji. Haka mai sikila: ya san jikinsa, ka bar shi ya sha ruwa, ka sassauta masa aikin rana tsaka da na tsananin sanyi, in ciwo ya tashi kada ka ce lalaci ne. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ya yi ladanci, kuma ba sau ɗaya ba aka bar masa Madina yana ja wa mutane salla in Annabi ya fita.

Abokin aikin da ba musulmi ba kuwa, ɗan ƙasa ne ko magini daga Togo ko malamin makaranta daga Benin, abin da yake buƙata gare ka ba shi da yawa. Da azumi in ya koma gefe ya sha ruwa, kada a bi shi da harara. Shi ke riƙe wuri ranar Juma'a mu tafi masallaci, to ranar Lahadi ko Kirsimeti a riƙe masa ba tare da sai ya roƙa ba. In kana son ya ga kyan addininka, a wurin rabon aiki da rabon kuɗi zai fara ganinsa, tun kafin ka buɗe baki.

Ƙungiyarmu ma wurin aiki ce, ko da ba a biyan kowa. Don haka ina roƙon sabon kwamiti, a zamansa na farko, ya ɗauki takardar sunayen shugabanni ya duba: unguwa nawa suka fito, yare nawa, mata nawa ne ke da aikin da ya wuce dafa abincin taro. Sannan matakalar nan uku da ke bakin zauren nan. Ɗazu da zan shigo na ga mutum huɗu sun ɗauko wani ɗan uwa da kekensa, yana ta ba su haƙuri kamar shi ya yi laifi. Buhun siminti biyu da yashi sun isa a yi masa gangara, kuma akwai magina a cikinku. Ni na ɗauki buhu ɗaya.